Sa'ad da Jama'a Suka Yi Zunubi Ba da Saninsu Ba

Karatu: Littafin Firistoci 4:13-21, Littafin Ƙidaya 15:22-26, Ibraniyawa 9:6-14
Ayar haddacewa: Zabura 19:12

Gabatarwa

Bari mu fara darasinmu na yau da misali.

A wata unguwa akwai rijiya guda wadda kowa yake sha. Kusa da ita akwai tsohon rami inda aka haƙi ƙasar gini, sai mutane suka mai da shi wurin zubar da shara da ruwan ƙazanta. Iyaye sun tarar ana yi, 'ya'ya suka ɗora. Kowace damina yara suna ta zawo da amai, waɗansu har su rasu, a yi makoki a ce kwana ne ya ƙare. Ba wanda ya taɓa nufin cutar ɗan maƙwabcinsa. Ran nan sai malamin asibiti ya zo ya duba, ya tara mutane ya ce musu ƙazantar ramin nan ce take bi ta ƙarƙashin ƙasa tana shiga rijiyar.

To, wa ya kashe yaran? Kowa a unguwar zai iya cewa bai sani ba, gaskiya kuwa ya faɗa. Amma kaburburan suna nan. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce, me mutanen unguwar za su yi washegari, yanzu da suka sani?

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya san jama'a sukutum za su iya tafiya cikin wannan duhu shekara da shekaru, suna tsammani a kan hanya suke. Saboda haka tun a zamanin Musa ya shirya musu hanyar komowa. A wannan darasi za mu duba hanyar nan, mu ga yadda ta cika cikin Yesu Kristi, da yadda Ikilisiyar Katolika take koyar da ita, har ta bi ta da kanta.

1. Abin da Shari'a ta umarta

Sura ta 4 ta Littafin Firistoci tana magana a kan zunubin da aka yi da kuskure, ba da gangan ba. Ta kasa masu kuskuren kashi huɗu. Idan babban firist ne, sai ya kawo ɗan bijimi. Idan shugaba ne, bunsuru. Idan talaka ne daga cikin jama'a, akuya ko 'yar tunkiya. Sura ta 5 ta ƙara da cewa wanda ba shi da hali ya kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu, wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa ya kawo ɗan lallausan gari. Talauci bai hana kowa samun gafara ba.

Amma idan dukan taron jama'a ne suka kauce, al'amarin kuwa ya ɓuya musu, to, ranar da zunubin ya bayyana sai a kawo ɗan bijimi ƙofar alfarwa ta sujada. Dattawan jama'a su ɗora hannuwansu a kansa, a yanka shi a gaban Ubangiji. Firist ya ɗibi jinin ya shiga da shi cikin alfarwa, ya tsoma yatsansa ya yayyafa sau bakwai a gaban labule, ya shafa kaɗan a zankayen bagaden da yake ciki, ya zuba sauran a gindin bagaden hadaya ta ƙonawa. A ƙone kitsen a bisa bagade. Bijimin kansa kuwa a fitar da shi bayan zango a ƙone. Ta haka firist zai yi kafara dominsu, za a kuwa gafarta musu.

Ku lura da abu uku a nan.

Na fari, jinin hadayar shugaba da ta talaka a bagaden waje yake tsayawa, amma jinin hadayar jama'a sai an shiga da shi ciki, har gaban labule. Wato kuskuren da jama'a suka tarar wa hannu yana shiga da nisa, yana taɓa wurin da Allah yake zaune a tsakiyarsu. Mu mukan ce, tun da kowa yana yi ai ba kome. Shari'a ta ce, tun da kowa yana yi, ɓarnar ta fi girma.

Na biyu, dattawa ne suke ɗora hannu. Ba a ce a nemo wanda ya fara abin a ɗora masa laifi ba. Waɗanda ake girmamawa su ne suke fitowa a gaban idon kowa su ce, wannan namu ne.

Na uku, Littafin Ƙidaya 15:26 ya nuna gafarar ta haɗa har da baƙon da yake zaune a cikinsu, gama dukan jama'a ne suka shiga kuskuren. Amma ayoyi na 30 da 31 sun ware wanda ya yi zunubi da izgili, yana sane yana ɗaga kai. Wannan hadaya ba tasa ba ce. Shari'a ta san bambanci tsakanin wanda ya ɓata hanya da wanda ya juya wa hanya baya.

Akwai kuma doka a Maimaitawar Shari'a 21:1-9. Idan aka tsinci gawa a saura, ba a san wanda ya yi kisan ba, sai a auna a ga garin da ya fi kusa. Dattawan garin su kai karsana kwarin da ruwa yake gudu, su karya wuyanta, su wanke hannuwansu a kanta, su shaida ba su zubar da jinin ba, ba su kuma ga wanda ya zubar ba, sa'an nan su roƙi Allah ya kawar da alhakin daga jama'arsa. Ga mutane marasa laifi suna roƙon gafara. Me ya sa? Domin ran mutum ya salwanta a gefen garinsu, Allah kuwa bai yarda a ɗaga kafaɗa a wuce ba.

2. Rashin sani iri biyu ne

Wani zai ce, ashe Allah yakan hukunta mutum a kan abin da bai sani ba? Koyarwar Ikilisiya a kan wannan a fili take. Katekizim, wato babban littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika wanda aka fitar a 1992, ya bayyana cewa zunubi mai kai ga mutuwa yana bukatar abu uku a haɗe: al'amarin ya zama mai nauyi, mutum ya san abin da yake yi sarai, ya kuma yi da yardar ransa. Rashin sanin da ba laifin mutum ba ne yakan rage alhakinsa, yakan ma ɗauke shi ɗungum. Ubangijinmu da kansa, a Luka 12:47-48, ya bambanta bawan da ya san nufin maigidansa da wanda bai sani ba.

Sai dai littafin bai tsaya nan ba. Ya ce ko da alhaki bai hau kan mutumin ba, abin da aka yi yana nan a matsayin mugunta, dole kuwa a yi aikin gyara lamirin da ya kauce. Guba ba ta tambayar niyyar wanda ya zuba ta.

Akwai kuma rashin sani na biyu, wanda mutum yake kiwonsa kamar akuya a bayan ɗaki. Shi ne na wanda bai damu ya bincika gaskiya ba, ko kuwa ya hango ta daga nesa ya kau da kai, domin ya san in ya duba zai yi hasara. Irin wannan ba ya rage laifi. Rashin sani na ƙarya da taurin zuciya ƙara nauyin zunubi suke yi. Sau da yawa kuskuren jama'a gauraye yake: waɗansu ba su sani ba da gaske, waɗansu sun yi zato suka yi shiru, waɗansu kuwa suna cin ribar duhun.

A wasiƙarsa ta 1984 a kan sulhu da tuba, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar cewa zunubi a ainihinsa aikin mutum ɗaya ɗaya ne, gama gari ba shi da lamiri, mutanen gari ne suke da shi. Amma zunuban mutane sukan taru su daskare su zama al'ada, ko doka, ko hanyar kasuwanci, har yaron da aka haifa a ciki ya tashi yana gani kamar haka Allah ya yi duniya. A 1987 ya kira wannan tsare-tsaren zunubi. Annabi Ezekiyel, a sura ta 18, ya tabbatar ɗa ba zai ɗauki hukuncin laifin mahaifinsa ba. Duk da haka wanda ya gāji gona ya gāji ƙayar da take ciki, shi ne kuwa zai cire ta. Shi ya sa Nehemiya da Daniyel suka furta zunuban kakanninsu suna cewa mu, ba su ce su ba.

3. Ranar da abin ya bayyana

Maganar da dukan dokar nan ta rataya a kanta ita ce, sa'ad da zunubin ya bayyana. Kafin ranar nan, jinƙan Allah yana haƙuri da makanta. Daga ranar nan, makantar ta ƙare, abin da aka yi bayanta kuwa da ido biyu aka yi shi.

Ku tuna da sarki Yosiya a 2 Sarakuna 22. Yana da shekara takwas ya hau gadon sarauta, mutum ne kuwa mai tsoron Allah. A shekara ta goma sha takwas ta sarautarsa, wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Kristi, ana cikin gyaran Haikali sai Hilkiya babban firist ya tsinci littafin Shari'a. Shafan magatakarda ya karanta wa sarki. Da Yosiya ya ji, sai ya keta tufafinsa. Bai ce ai ni ba ni na ɓatar da littafin ba, ko da yake da ya faɗa da gaskiya ce. Ya aika wurin annabiya Hulda ya nemi nufin Ubangiji, ya tara dattawa da dukan jama'a, aka karanta littafin a kunnuwansu, aka sabunta alkawari, aka fitar da kayan gumaka daga Haikali.

Ga wani misali daga tarihin Ikilisiya. Bartolome de las Kasas firist ne ɗan ƙasar Sipaniya, wanda ya zauna a tsibiran da Turawa suka mamaye a nahiyar Amurka. Ya ga yadda ake kashe 'yan asalin wurin da aikin tilas, a 1514 ya saki waɗanda suke hannunsa, ya ba da sauran kwanakinsa ga kāre su. Amma cikin neman ya cece su, sai ya ba da shawara a kawo bayi daga Afirka su yi aikin a maimakonsu. A zamaninsa kusan ba wanda ya ga aibin wannan. Daga baya ya gane yadda ake kama mutanen Afirka da zalunci, ya yi baƙin ciki ƙwarai. A littafin tarihin da ya rubuta ya amsa laifinsa, ya kuma nuna ba shi da tabbacin rashin saninsa da kyakkyawar niyyarsa za su wanke shi a gaban shari'ar Allah. Ya rasu a 1566. Mutumin da ya fi mutanen zamaninsa gani, shi ma yana da inda bai gani ba. In haka ne, mu fa?

4. An yi kafara a bayan zango

Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa 9:7 ta tuna mana cewa sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara, babban firist yakan shiga can bayan labule da jini, saboda kansa da kuma laifofin da jama'a suka yi cikin rashin sani. Kowace shekara sai an sāke, gama jinin bijimai da na awaki ba shi da ikon kawar da zunubi. Alama ce ta abin da yake zuwa.

Da Yesu ya zo, ya zama firist, ya kuma zama hadayar. Ya shiga da jininsa sau ɗaya tak, ba sauran maimaitawa. Ibraniyawa 13:11-12 ta haɗa mana zaren: kamar yadda ake ƙone naman hadayar a bayan zango, haka Yesu ya sha wahala a bayan ƙofar birni domin ya tsarkake jama'a da jininsa.

Ku dubi kuma taron da yake gindin gicciye. Sojoji suna bin umarni. Shugabanni suna tsammani addini suke kārewa. Talakawa suna bin abin da manya suka faɗa. Almajirai sun gudu. Ba a taɓa yin kuskuren jama'a mai girman wannan ba. A daidai wannan sa'a, Luka 23:34 ta gaya mana, Yesu ya roƙi Uba ya yafe musu, ya kafa hujja da rashin saninsu. Ku lura, bai ce ba su yi kome ba. Gafara ya roƙa musu, wanda ba shi da bukata kuwa ba a roƙa masa gafara.

Manzo Bitrus ya bi sawun nan a Ayyukan Manzanni 3:17-19. Ya gaya wa mutanen Urushalima ya sani cikin jahilci suka yi, su da shugabanninsu, nan take kuwa ya kira su su tuba su juyo. Bulus ma, a 1 Timoti 1:13-15, ya ce an yi masa jinƙai domin cikin jahilci da rashin bangaskiya ya tsananta wa ikilisiya, duk da haka ya sa kansa a gaban dukan masu zunubi. Rashin sani ƙofa ce da jinƙai yake shigowa ta ciki. Ba wurin ɓuya ba ne.

Abin baƙin ciki, Kirista da yawa cikin ƙarnuka sun karanta labarin gicciye suka ɗora laifin a kan Yahudawa duka, aka tsananta musu da sunan Kristi. A 1965 babban taron bishop-bishop na Batikan na Biyu ya bayyana cewa ba za a ɗora mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ko na yau ba. Katekizim kuwa ya ce mu masu zunubi duka mu ne sanadin shan wahalarsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

5. Ranar da dattawan Ikilisiya suka ɗora hannu

Ikilisiya mai tsarki ce saboda Kristi shugabanta, amma 'ya'yanta masu zunubi ne. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗauki wannan gaskiya da nauyi. A 1985 a Yawunde, ƙasar Kamaru, ya roƙi gafarar mutanen Afirka saboda cinikin bayi da mutanen ƙasashen Kirista suka yi. Ran 22 ga Fabrairu 1992 ya tsaya a tsibirin Gore na ƙasar Senegal, a gidan da ake tunawa da bayin da aka kwashe ta teku, ya roƙi gafarar Allah saboda wannan zunubi. Ba abin ɓoyewa ba ne cewa a 1452 da 1455 wani Paparoma, Nikolas na Biyar, ya ba sarkin Fotugal takardun da suka halatta masa bautar da mutanen da ya ci da yaƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sa'an nan ran 12 ga Maris 2000, Lahadi ta fari ta lokacin azumi, a babbar majami'ar Waliyi Bitrus a Roma, aka yi abin da ake kira Ranar Neman Gafara. Manyan shugabannin Ikilisiya bakwai suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya furta irin zunubin da 'ya'yan Ikilisiya suka yi, Paparoma ya yi addu'a, aka kunna fitila a gaban gicciye. Kadinal Bernardin Gantin na ƙasar Benin shi ya fara da furcin zunubai gaba ɗaya. Kadinal Francis Arinze na Nijeriya ya furta zunuban da aka yi wa mata da waɗanda suka raba 'yan adam. Sauran suka ambaci tilasta wa mutane da sunan kāre gaskiya, da rarrabuwar Kirista, da abin da aka yi wa Yahudawa, da raina al'adu da addinan waɗansu, da take hakkin matalauta da marasa ƙarfi. A ƙarshe tsohon Paparoman, jikinsa yana rawa saboda ciwo, ya je ya rungumi gicciyen.

Waɗansu sun ji tsoro wannan zai zubar da mutuncin Ikilisiya. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba wanda yake cikin majami'ar ran nan da ya taɓa sayar da bawa. Sun yi abin da dattawan Isra'ila suka yi ne: sun ɗora hannu suka ce, wannan na gidanmu ne.

Furci kuma yakan nemi a biyo shi da aiki. A 1838 shugabannin ƙungiyar firistoci ta Jesuit a jihar Merilan ta Amurka sun sayar da bayi 272 domin su biya bashin makarantarsu. A 2017 magādansu suka tsaya a gaban jikokin bayin suka roƙi gafara, a 2021 kuma suka yi alkawarin tara dala miliyan 100 domin aikin gyara tare da jikokin. Wannan ya yi daidai da Littafin Firistoci 5:16 da 6:5, inda aka ce wanda ya ci hakki ya mayar, ya ƙara da humushi, wato kashi ɗaya cikin biyar.

6. Jinƙan da ya fi duhunmu faɗi

Mako bakwai cif bayan Ranar Neman Gafara, ran 30 ga Afrilu 2000, Paparoman nan ya sa sunan wata sista 'yar ƙasar Polan, Faustina Kowalska, cikin tsarkaka. An haife ta a 1905 a gidan manoma matalauta, karatunta bai yi nisa ba, aikinta a gidan zuhudu dafuwa ne da lambu da tsaron ƙofa, ta rasu a 1938 tana da shekara 33. Saƙon da ta bari shi ne mutane su dogara ga jinƙan Yesu, su kuma yi wa juna jinƙai. A ran nan Paparoma ya sanar cewa Lahadi ta biyu ta Ista za ta zama Lahadin Jinƙan Allah a dukan Ikilisiya. Shi kansa ya rasu ran 2 ga Afrilu 2005, da maraicen jajiberin wannan idi.

Jerin nan yana da koyarwa. Wanda bai gaskata da jinƙai ba, ba zai iya duban laifinsa ba, sai ya yi ta musu, gama yana tsoro in ya amsa ya hallaka. Wanda ya san an riga an yi kafara dominsa shi yake da ƙarfin hali ya ce, haka ne, mun yi.

Addu'ar jinƙai da ake yi da carbi, wadda ta zo ta hannun Faustina, ana miƙa wa Uba hadayar Ɗansa ne saboda zunubanmu da na dukan duniya. Mai yin ta ba kansa kaɗai yake roƙa wa ba. Yana tsaye ne a madadin gidansa da garinsa, har da waɗanda ba su san suna bukatar gafara ba. Haka ma Misa takan fara da furcin zunubi na dukan taro, inda muke ambaton abin da muka yi da abin da muka bari ba mu yi ba. A Misa ba a sāke yanka Kristi. Hadayarsa guda ɗaya ta Kalfari ce ake kawowa gabanmu, jinin da ya riga ya shiga bayan labule.

7. Mu fa?

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, da sauƙi a yi maganar Roma da Gore. Bari mu dawo gida.

Shekaru da yawa an ware masu ciwon kuturta, an ce gādo ne ko la'ana, an hana 'ya'yansu aure. Amma tun 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar cuta ce take kawo ta. Yawancin mutane jikinsu ba ya kamuwa da ita, tana warkewa da magani, tun 1995 kuwa kyauta ake ba da maganin. An guji masu farfaɗiya, a bar mutum yana faɗuwa kusa da wuta ba mai taɓa shi, wai yawunsa yana harbi, alhali ba a ɗaukar farfaɗiya. An kori mata masu yoyon fitsari zuwa bayan gida, waɗansu aka zarge su da zina, alhali doguwar naƙuda ce ta jawo musu, sau da yawa kuwa aikin likita yana gyarawa. Iyayenmu da suka yi haka ba mugaye ba ne, tsoro ne da rashin sani. Kirista ma sun yi, har a kujerun majami'a. Amma waɗanda aka ware sun yi kuka na gaske, waɗansunsu kuwa suna da rai har yau.

Me ya kamata taron masu bi ya yi sa'ad da irin wannan ya bayyana?

Da fari, a saurari wanda ya kawo maganar. Sau da yawa ba babba ba ne. Yakan zama gwauruwa, ko saurayi, ko baƙo, ko wanda aka cuta. Kada a ce ya cika fitina.

Na biyu, shugabanni su fara. Fada, da katikis, da dattawa, da shugabar zumuntar mata, su ne za su ɗora hannu. In manya suka yi shiru, yara za su koyi cewa mutunci ya fi gaskiya.

Na uku, a kira abin da sunansa. Roƙon gafara a dunƙule, wai in akwai wanda muka ɓata wa rai ya yafe, ba ya warkar da kowa.

Na huɗu, a gyara. A je gidan wanda aka ware, a ci abinci a ƙwarya ɗaya da shi, a mayar da gonar marayu, a kai marar lafiya asibiti. A cike ramin da yake kusa da rijiya. Wanda kuma ya bincika zuciyarsa ya ga ashe ya sani ya yi shiru, to, wannan nasa ne shi kaɗai, sai ya kai shi wurin furta zunubi.

Na biyar, a karɓi gafara. Dokar ta ƙare da cewa za a gafarta musu. Allah bai bayyana mana kuskurenmu domin mu zauna cikin toka har abada ba. Ya bayyana shi domin jinin Ɗansa ya riga ya isa wurin.

Wata rana jikokinmu za su dubi wani abin da muke yi yau da kwanciyar rai, su riƙe baki. Ba mu san ko mene ne ba. Saboda haka muke roƙo tare da mai zabura Allah ya tsarkake mu daga laifofin da suke a ɓoye gare mu, muna kuma yi wa na bayanmu hukunci da sauƙi.

Tambayoyi don nazari

1. Me ya sa aka shiga da jinin hadayar jama'a har gaban labule, amma na mutum ɗaya ya tsaya a waje?
2. Mene ne bambanci tsakanin rashin sani na gaske da wanda mutum ya zaɓa wa kansa? Ka ba da misali daga rayuwarka.
3. Yosiya bai ɓatar da littafin ba. Don me ya keta tufafinsa?
4. Wane ne ba ya zuwa majami'arku yanzu saboda yadda aka bi da shi? Wa zai je wurinsa a wannan mako?

Addu'a

Ya Uba mai yawan jinƙai, kai kake ganin abin da ya ɓuya mana. Mun yi tafiya cikin duhu muna ce da shi haske, mun cuci waɗansu ba mu sani ba, waɗansu lokatai kuma ba mu so mu sani ba. Ka buɗe idanunmu a hankali, gwargwadon yadda za mu iya ɗauka. Ka ba shugabanninmu tawali'u su fara furtawa, ka ba mu hannuwan gyara abin da muka ɓata. Ka ta'azantar da waɗanda kuskurenmu ya sa su hawaye. Muna fakewa a cikin jinin Ɗanka wanda ya sha wahala a bayan birni domin mu da dukan duniya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.